Sirdin da ke Sauka da Kansa

Yana cikin hawan tudun da ke gaban kasuwa gwiwar dama ta sake cizonsa, nan a gaba, ƙarƙashin ƙoƙon. Mai Ƙararrawa ya cije leɓe ya ci gaba da taka feda. Wata bas ta zo daidai shi ta rage gudu, direban ya leƙo ta taga.

"Baba, yau ma kai da dokin ƙarfenka? Shigo mana, akwai kujera!"

"Wuce, ɗana. Zan same ka a gaba."

Ya kuwa same shi. A gindin tudun motoci sun cushe kamar an zuba su da kwando. Ya bi gefensu a hankali, yana barin tazara saboda masu buɗe ƙofa ba su duba ba. Da ya zo daidai bas ɗin ya kaɗa ƙararrawa, fasinjoji suka kwashe da dariya, direban ya ɗaga hannu alamar ya sallama.

'Yan makarantar da yake kula da ɗakin karatunta ne suka laƙaba masa wannan suna, domin ba ya shiga kwana bai kaɗa ƙararrawa ba, ko da babu kowa a titin sai kaza. Tun yana saurayi keke ke kai shi aiki. Ba ya fita sai da hular kwano, da riga mai ɗaukar ido, da robar da yake ɗaure ƙafar wando don kada sarƙa ta kama. Bara 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa sabon keke mara nauyi, mai giya, ya riƙa nuna wa mutane shi kamar jariri.

Amma yau ba makaranta ya nufa ba, asibiti za shi. Makonni ke nan gwiwar tana damunsa, kuma babbar 'yarsa ta gano. Ma'aikaciyar jinya ce, a gidan kowa Hukuma yake ce mata, don in ta yanke magana babu ɗaukaka ƙara. Tun tana ƙarama ta faɗa kwata da keken yara ta fasa haɓa, daga ranar ta ɗauki gaba da duk abin da ke da taya biyu. Jiya ta tsaya a tsakar gida ta ce:

"Gobe za ka ga likitar gashin ƙashi. In ta ce keke ne ya jawo, wallahi a bayan motata zai kwana, in kai shi gidana in kulle. Bas ba ta kashe kowa ba."

Ya juya wajen matarsa yana jiran ta ƙara gishiri, don ta saba yi wa keken nan tsiya, tana kiransa abokin yawonsa. Sai ya ga ta sunkuyar da kai tana tattara ɓaraguzan wata tukunyar fure.

"Kyanwar nan ce kuma," ta ce ba ta ɗago ba.

Kwanan nan kyanwar gidan ta lalace. Ta fasa tukwanen fure, ta lotsa bokitin ƙarfe, har igiyar shanya ta tsinka. Ya yi mamaki, don a saninsa dabbar nan ba ta da aiki sai barci.

Da ya shiga ofishin likitar, abin da ya fara gani hular kwano ce rataye a bayan ƙofa. Nan take hankalinsa ya ɗan kwanta. Matashiya ce mai fara'a. Ta kwantar da shi, ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta danna nan ta danna can.

"Nan ne?"

"Nan ne, 'yata. Kamar ana soka mini ƙusa."

"Da safe ko da yamma?"

"In na tashi daga gida lafiya lau. Sai na yi nisa take farawa."

Sai ta ce, "Ina keken? Shi nake son gani."

Suka fita filin ajiye motoci. Hukuma, wadda a asibitin nan take aiki, ta riga ta sauko, ta tsaya a inuwa ta harɗe hannuwa, kamar wadda ta zo sauraron hukunci. Ya hau ya zaga filin, yana ƙoƙarin kada fuskarsa ta nuna zafi. Kafin ya gama zagayen likitar ta fara dariya.

"Baba, ai gwiwoyinka gaisawa suke son yi da haɓarka! Sirdin nan ya yi ƙasa sosai. Tsaya in nuna maka."

Ta sa shi ya jingina da bango, ya ɗora diddige a kan feda ya kai ta can ƙasa. Ƙafar ta tsaya a tanƙware.

"Ka gani? In diddige ne a kan feda, ya kamata ƙafa ta miƙe sambal. In sirdi ya yi ƙasa, gaban gwiwa ne ke ɗaukar nauyin. In ya yi sama da yawa kuma, bayan gwiwa zai yi ciwo, ƙugu ya riƙa rangaji."

Abin ya sosa masa rai. Rabin unguwarsu shi ya koya musu wannan.

"'Yata, na san haka tun ba a haife ki ba. Kullum safe sai na tsaya gefensa na auna shi da ƙashin ƙuguna. Yau ma na auna. Daidai yake."

"To auna yanzu."

Ya sauka ya tsaya gefen keken. Sirdin ya yi ƙasa da ƙugunsa da kusan faɗin tafin hannu. Ya tsaya yana kallonsa baki buɗe. Likitar ta kama sirdin ta murɗa, ya juya ba gardama.

"Ga shi nan. Da safe yana sama, kana tafiya yana zamewa a hankali, kai kuma ba ka ji. Gwiwarka ba ta lalace ba, wahala ta sha. Ka riƙa ɗora mata ƙanƙara a cikin tawul, ka rage nisa na ɗan lokaci, in za ka hau tudu ka sa giya mai sauƙi, ka daina nuna wa direbobi ƙarfi. Keke kam kada ka bari, shi ne ma maganinta. Amma ka kai wa mai gyara ya duba dalilin da ya sa yake kwancewa, kada a ce wani abu ne ya tsage."

Ya juyo yana murmushi har kunne, amma Hukuma ba ta warware hannuwanta ba.

"Sirdin da ke sauka da kansa, Baba? Wata rana a tsakiyar titi zai juya da kai, mota na bayanka. Da yamma zan zo gida. In an gano dalili, na ji, na gani da idona, shi ke nan. In ba a gano ba, maganata tana nan."

Bai koma kan keken ba, tura shi ya yi har rumfar tsohon abokinsa, mai gyaran keke da kowa ke kira Sufana. Ya same shi zaune a kan tsohuwar taya, ya tsoma tib a cikin kwanon ruwa yana neman inda iska ke fita.

"A'a! Yau mai doki ne ke jan dokinsa? Tsufa ya kama ka ke nan."

"Tsufan da ya kama ka ya bar ni? Tashi ka duba mini sirdin nan, zamewa yake."

Sufana ya goge hannu ya jawo keken. Tsohon keken Mai Ƙararrawa noti ne ke riƙe da sirdinsa, ba ya motsi sai an sa ƙarfe. Wannan sabon kuwa wani ɗan hannu ne na ƙarfe, a buɗe shi sirdi ya saki, a danne shi ya kama. Sufana ya buɗe ya rufe da ɗan yatsa ɗaya, ya girgiza kai.

"Babu abin da ya tsage. Sassauta shi aka yi. Ka ga ɗan notin nan na ɗaya gefen? An warware shi don hannun ya riƙa rufuwa da sauƙi. Aikin wanda ba shi da ƙarfin hannu ne. Wa kake ba aro?"

"Ni? Ko limamin unguwa ba na ba shi aron kekena."

"To aljanu ke hawa." Ya zare sandar sirdin ya goge ta da tsumma, ya kai ta haske. "Kuma aljanun 'yan gayu ne. Zo ka gani."

A bayan sandar, inda ido ba ya kaiwa, akwai ɗigo biyu ja. Ɗaya daidai tsayin Mai Ƙararrawa. Ɗayan yana inda sirdi zai tsaya in an sauke shi sosai. Sufana ya kankara da farce ya sansana.

"Jan farce ne, mutumina."

Suka ci gaba da bincike kamar masu neman ɓarawo. A bakin kan keken na hagu akwai sabon karce da koren fenti. A jikin haƙoran da ke jan sarƙa wani zare shuɗi ya naɗe. Mai Ƙararrawa ya warware zaren ya riƙe shi a tafin hannu. Bangon tsakar gidansa kore ne. Zanen da ke da wannan shuɗin kuwa shi da kansa ya zaɓo shi a kanti. Ya tuna doguwar rigar da take sawa kwanan nan duk zafin da ake yi, hannun rigar har wuyan hannu. Ya tuna yadda take matsa masa ya kwanta bayan cin abincin rana, wai hutu na da amfani ga mai shekaru. Ya tuna bokiti, da igiyar shanya.

Dariya ta kama shi, ya zauna a kan tayar yana riƙe da ciki, hawaye na zuba.

"Lafiya? Ko gwiwar ce ta hau kai?"

"Kyanwa," ya ce da ƙyar. "Baiwar Allah, an yi ta ɗora mata laifi."

Sufana bai gane ba, kuma bai samu ƙarin bayani ba. Ya mayar da sandar, ya ɗaure notin yadda ya kamata, sannan ya buɗe gwangwanin tarkacensa.

"Bari in raba ka da wahala. In cire hannun nan in sa maka noti irin na da. Daga yau ko aljani ne sai ya zo da sufana."

Mai Ƙararrawa ya dubi notin a hannun abokinsa. Da shi magana ta ƙare: Hukuma za ta murɗa ta ji gam, keke ya tsira, ba sai an tona kowa ba. Sai kuma ya dubi ɗigon ja na ƙasa, wanda aka ɗiga a tsanake, aka jira ya bushe.

"Bar shi yadda yake. Kuma kada ka goge jan nan." Ya ɗaga kai wajen kayan da ke rataye a rumfar. "Hular kwanon can, mai ruwan madara, akwai wadda ta fi tawa ƙanƙanta?"

A gida ya jingina keken a inda ya saba, ya shige da jakarsa ɗaki. Matar ta kawo abinci ta zauna nesa kaɗan tana satar kallonsa.

"Malam, me likitar ta ce?"

"Ta ce sirdi ne ke zamewa. 'Yarki kuma ta ce in ba a gano dalili ba, yau za ta tafi da shi."

Cokalin da ke hannunta ya faɗi. Ta ɗauka ta goge da gefen zane.

"Ai sai ka je ka ɗan kwanta, ka sha rana."

"Haka ne, Maman yara. Hutu na da amfani ga mai shekaru."

Ya kwanta ya fara minshari, irin na ƙarya, mai tsari. Can ya ji takun ƙafa a hankali. Ya miƙe ya ɗaga gefen labule.

Tana tsaye gaban keken, ta ɗaure zane a ƙugu, a ƙasa kuma tsohon wandonsa ne da ya daɗe yana nema. Ta shafa sirdin kamar mai bankwana. Ta kama hannun ƙarfen ta ja, ya ƙi. Ta shiga kicin ta fito da ludayi, ta sa ƙotarsa ta ɓanɓare shi, ta sauke sirdin daidai ɗigonta. Ta hau, ta dafa bango, ta tura da ƙafa ɗaya. Keken ya yi hagu, ya yi dama, sai ya miƙe. Ta bi tsawon tsakar gidan, ta zagaya bishiyar lemo ba ta sa ƙafa a ƙasa ba, ta dawo. Fuskarta ce ta tsayar masa da numfashi. Rabon da ya ga wannan fuskar tun suna sabon aure, ranar da ruwan sama ya kama su a hanya suka yi ta gudu suna dariya. Kyanwar kuwa tana kan katanga, ta miƙe ƙafafu tana barcinta.

A zagaye na gaba tayar ta taɓa bokiti, ya yi ƙara. Ta daskare tana kallon taga. Ya yi maza ya ƙara ƙarfin minsharin.

Sai hon ɗin mota a ƙofar gida. Hukuma ta taso daga aiki da wuri.

Kafin ya sa takalmi ya fito, matar ta ja sirdin sama, ta saki zanenta ya rufe wandon, amma hannun ƙarfen ya ƙi rufuwa, yana nan a buɗe kamar harshen kare. Ta tsaya gabansa ta ɓoye hannuwa a baya. Hukuma ta shigo da makullin mota a hannu, ta gaishe su a gurguje.

"To, Baba, me mai gyara ya ce? Me ke kwance shi?"

Ya dubi matarsa. Idanunta na roƙonsa, ko da yake ba ta san ya sani ba. Ya san 'yarsa sarai: wadda ta hana uwarta hawa kujera don ɗauko kwano daga saman kabad, ba za ta bar ta da keke ba. Ya yi hamma ya miƙe.

"An gano. Kyanwa ce."

"Baba!"

"Ai ba ki san ta ba kwanan nan. Ta fasa tukwane, ta lotsa bokiti. Tambayi mamanki."

Hukuma ta zagaya bayan uwarta, ta ga hannun a buɗe, ta taɓa sirdin ya sulale ƙasa gaba ɗaya.

"Ka gani ko? Ina maganar ranka kana yi mini wasa. Shi ke nan." Ta kama kan keken ta fara turawa wajen ƙofa.

Ya bi keken da ido, yana jin kamar ana zare masa haƙarƙari, amma ya ƙi tona matarsa.

"Sake shi."

Hukuma ta juyo. Uwar ta fito da hannuwanta, duk baƙin mai.

"Sakar masa kekensa. Ni ce kyanwar."

Ta karɓe shi daga hannun 'yar, ta tattare zane, wandon ya bayyana. Ta hau ta zagaya bishiyar lemo, ta dawo ta ja birki daidai ƙafar Hukuma, har ta ɗan kaɗa ƙararrawa.

"Mama! A shekarunki? In kika karye fa?"

"In na karye ai ina da ma'aikaciyar jinya." Tana haki tana dariya. "Babanki ya kusa ajiye aiki. Kullum maganarsa, in ya huta zai riƙa bin hanyar bakin ruwa da sassafe, ya ga tsuntsaye, ya ga masu kamun kifi. Ni kuma in zauna in dafa shayi in jira a ba ni labari? Tun kafin a haife ki nake jin labarin hanya. Na gaji da ji, gani nake so." Ta juya wajen mijinta, muryarta ta yi ƙasa. "Malam, wallahi kullum ina mayar maka da shi daidai. Har alama na yi da jan farce. Ban san yana zamewa ba."

"Alamarki daidai take, Maman yara. Ɗaurin ne bai kai ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da hular mai ruwan madara. Ta dube ta, ta dube shi.

"Au, ashe minsharin nan..."

"Na yau kaɗai. Sauran duk na gaskiya ne."

Ya ɗora mata a kan ɗankwali, ya daidaita ta a goshi don kada ta koma ƙeya, ya ja igiyar har yatsa biyu kawai ke shiga ƙarƙashin haɓa. Hukuma kuwa ta riga ta naɗe wa uwar hannun riga, ta ga ƙujewar da ke gwiwar hannu, ta shiga faɗa.

"Dubi wannan! Da me kika wanke? A wanke da ruwa da sabulu, a rufe da bandeji mai tsabta, ba a ɓoye a cikin riga ba. Ku biyun nan za ku sa mini hawan jini. Kuma ba titi, kun ji? Filin makaranta tukuna, sai ta iya birki da duba baya."

"Mun ji, Hukuma," suka ce tare.

Ya jawo keken ya durƙusa a kan lafiyayyar gwiwar, ya kira matarsa kusa.

"Kin ga, ba da yatsa ake rufe shi ba. Sa tudun tafin hannunki nan. Danna da nauyin jikinki duka. In bai bar miki shaida a hannu ba, bai kama ba."

Ta danna, ta cije baki, ta ƙara dannawa. Hannun ya rufe ƙam. Ta buɗe tafinta, ga sawun ƙarfen ya kwanta a ciki. Ta nuna masa, ta nuna wa 'yarta, har kyanwar ta ɗaga wa hannu.

Hukuma ta kama sirdin da hannu biyu ta murɗa da ƙarfinta. Ko gezau. Ta sake gwadawa, sannan ta jefa makullin mota a cikin jaka. Ba ta nufi ƙofa ba. Ta tsaya gefen keken tana shafa tsohon tabon da ke haɓarta, ta matso har sirdin ya taɓa ƙugunta, ta duba inda ya tsaya.

"Mama," ta ce, ba ta kalli kowa ba, "jan farcen nan, akwai saura a kwalbar?"